Kiɗan Mali a kasuwar Faris: wasiƙa zuwa gida

Yaya, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna. A gaishe mini da 'yan majalisar bakin shago baki ɗaya.

Tun da kuka ji cewa cikin 'yan Mali nake zaune a Montreuil, unguwar da ke gabashin Faris wadda saboda yawansu har ake kiran ta ƙaramar Bamako, tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce wai da gaske Turawa na biyan kuɗi don su saurari molo da ƙwarya? Da gaske ne, kuma kuɗi masu kauri. Tunda tura waƙoƙi ita ce sana'arka, bari in kwatanta maka kasuwar yadda na gan ta.

Idan ka shiga babban kanti irin Fnac, akwai ɓangaren da suka ware wa kiɗan sauran ƙasashen duniya, kuma a cikinsa Mali na da gurbinta daban. Za ka tarar da Ali Farka Ture, da Tumani Diyabate, da Umu Sangare, da Salif Keita, da Amadu da Mariyam, da Tinariwen, an jera su bisa harafi. Faifan CD yana kamawa daga yuro 10 zuwa 20. Faifan garmaho, wanda mu muka ɗauka ya mutu tun zamanin su Baba, ya dawo da ƙarfinsa, sabo yakan kai yuro 25 ko 30. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ka ga faifai guda ya tasam ma jika ashirin, ga shi waƙoƙin ciki da ƙyar su wuce goma sha biyu. Kai kuwa da dala ɗari biyu, wato jika ɗaya, kake cika wa mutum memori har sai ta ƙi karɓa. Ta fuskar araha babu ma abin gwadawa, gida ta yi gaba.

Sai dai ka buɗe faifan ka ga abin da aka sayar maka. Akwai ɗan littafi a ciki mai ɗauke da sunan duk wanda ya taɓa kayan kiɗa, har mai buga ƙwarya da 'yan amshi, da wurin da aka naɗa, da shekara, da fassarar abin da waƙar ke cewa. Faifan da Ali Farka da Tumani suka yi tare, In the Heart of the Moon, wanda ya fito a 2005, an rubuta cewa a otal ɗin Mande aka naɗe shi, a bakin kogin Kwara a Bamako. Ka sa shi a na'ura mai kyau ka ji motsin yatsa a kan tsirkiya, ka rarrabe kora mai tsirkiya 21 da jita kamar suna zaune a gabanka. Wannan ne ya tsaya mini a rai, domin na tuna yadda waƙa ke yawo a wurinmu: babu sunan mawaƙi sai lamba, ko an liƙa mata sunan wani daban, an matse sautin har kalangu ya koma ƙarar gwangwani, ga muryar wani yana tallan lambar wayarsa a tsakiyar baiti. Ba laifinka ba ne, haka kai ma ka same su. Amma waƙar da ta rasa sunan mai ita ba ta da hanyar mayar masa da ko dala.

A nan ana tallan yawancin waɗannan faya-fayai da sunan buluz ɗin sahara, wato ana danganta su da kiɗan baƙaƙen fatar kudancin ƙasar Amurka. Ali Farka ne silar wannan. An haife shi a 1939, ya tashi a Niafunke a yankin Tumbuktu, kuma kafin jita kayan gida ya fara riƙewa, wani ɗan molo mai tsirkiya ɗaya da kuma njarka, wadda da ka gan ta za ka ce kukuma ce. A shekarun 1970 ya yi aiki a Rediyo Mali, daga nan yake aiko da abin da ya naɗa zuwa wani kamfani a nan Faris ana buga masa faifai. Ɗaya daga cikin faya-fayansa na shekarun 1980 ya faɗa hannun wani ma'aikacin BBC, ya sa shi a rediyo, sai kamfanin World Circuit na Landan ya nemo shi. A 1994 ya yi Talking Timbuktu da Ba'amurke Ry Cooder, faifan ya ci kyautar Grammy, na shi da Tumani ma ya sake ci. Turawa suna jin sa sai su tuna John Lee Hooker, mawaƙin buluz na Amurka. Shi kuwa har ya rasu a watan Maris na 2006 bai yarda cewa buluz yake yi ba, yana nanata cewa kiɗan mutanensa ne, na Songai da Fulani da Buzaye, kuma ya girmi na Amurka nesa ba kusa ba.

Ni na yarda da shi, kuma duk wanda ya tashi yana jin goge da gurmi zai yarda. Yadda jitarsa ke kewaya 'yan sautuka kaɗan tana komawa, ƙwarya na riƙe da tafiya, murya na bin tsirkiya sau da ƙafa, ai abin da muka saba ji ne a wurin Haruna Uji da gurminsa, ko Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa. Na taɓa sa wa wani dattijo ɗan garin Gawo na Mali da muke aiki tare kiɗan gurmi daga wayata, bai tambaye ni ko na wace ƙasa ba ne, kai kawai ya shiga kaɗawa. Sunan buluz ya taimaka wa 'yan Mali sun samu gurbi a kanti, wannan gaskiya ce, don mai saye ya fi miƙa hannu ga abin da ya yi kama da wanda ya sani. Amma kayan iri ɗaya ne da namu. Su sun samu masu naɗa da kyau, da masu rubutawa, da masu kai su dandali. Namu kuwa, ban da su Malam Maman Barka da aka fitar wa faifai a Ingila saboda kiɗan biram, wani kayan tsirkiya na mutanen tafkin Cadi, da wuya ka ga mai waƙar Hausa a wannan jeri.

Maganar biyan haƙƙi ita ce inda suka fi mu ƙwarai. Akwai hukuma a nan, Sacem, tun 1851 take. Gidan rediyo, gidan abinci, shagon aski, duk mai sa kiɗa don jama'a sai ya biya, ita kuma ta raba wa masu waƙa. Ba na cewa rabon yana isa ga kowa daidai, 'yan Malin nan suna da ƙorafinsu a kai, amma hanyar tana nan a shimfiɗe. Ka duba labarin Bubakar Traore na Kayes, wanda ake kira Kar Kar. A farkon shekarun 1960 babu gidan da bai san muryarsa ba a Mali ta hanyar rediyo, amma bai samu komai ba. Bayan rasuwar matarsa ya zo Faransa yana aikin gini don ya ciyar da 'ya'yansa, irin aikin da da yawanmu ke yi a nan. Sai a 1990 aka fitar masa da faifai a Landan, daga nan ya fara cin moriyar abin da ya shuka kusan shekara talatin baya. A can Bamako kuma, kamfanin kaset na Mali K7, wanda Ali Farka ke da hannun jari a ciki, sai da ya rufe ƙofa na ɗan lokaci a 2005 saboda kaset ɗin jabu sun cinye kasuwa. Wato ciwon da ke damun mawaƙanmu su ma yana damun su a gida, kuɗin da ya tsaya musu daga waje ya fito. Ali da nasa ya ja ruwa ya yi noman rani a Niafunke, ya zama magajin garin a 2004.

Wanda ba shi da jika ashirin ma ba a bar shi a baya ba. Ɗakunan karatu na birni suna ba da aron faifai kamar littafi, da ɗan kuɗin rajista na shekara, kuma akwai babba na kiɗa zalla a Les Halles. A can na ci karo da tsofaffin faya-fayan Ocora, kamfanin gidan rediyon Faransa, har da kiɗan da aka naɗo a Nijar tun shekarun 1960. Na ji daɗi, na kuma ji ciwo, don na san a garinmu babu inda yaro zai je ya nemi irin wannan a ba shi. Samari kuwa sun koma Deezer da Spotify, kusan yuro 12 a wata, ka ji abin da kake so.

To, sai zancen wasa a dandali, kuma a nan ban ba su gaba ba. Tikiti a zaure irin New Morning ko La Cigale yakan kama yuro 30 zuwa 40, a waya ake saye, a waya ake nunawa a ƙofa. In an ce ƙarfe takwas, to takwas ɗin ce. Na'urar sauti ba ta kuka, wuta ba ta ɗaukewa, mai ƙwarya ma an ba shi makirufo nasa. A manyan zaurukan da ake zama a kujera, mutane sukan yi tsit har waƙa ta ƙare kafin su tafa. Girmamawa ce, na sani, kuma mawaƙi ya san kuɗinsa tun kafin ya hau. Amma babu liƙi, babu guɗa, babu wanda za a kira sunan kakansa ya miƙe tsaye, kuma mafi yawan masu sauraro ba su san abin da ake faɗa ba. Umu Sangare na yi wa auren dole da kishiya faɗa da harshenta, kamar yadda take yi tun faifanta na farko da ta naɗa a Abijan a 1989, matan Mali da ke gefe suna amsawa da ƙarfi, sauran zauren kuwa daɗin murya kawai yake kwasa.

Kiɗan Mali na 'yan Mali yana wani wuri daban, a bikin aure da suna, a zaurukan haya na bayan gari, ranar Asabar ko Lahadi. Can za ka ga zabiya, su suna ce mata jelimuso, cikin shadda mai ƙyalli tana riƙe da makirufo, ta durfafi wata uwargida tana jero mata asalinta tun daga kakanni, mai ngoni, wato molonsu, na biye da ita. Matar ta buɗe jaka ta fara zaro takardun yuro, ƙawayenta su taso su taya ta. Lasifika na ƙara fiye da kima, lokaci kuwa ba a maganarsa, amma kowace kalma tana da wanda ta nufa. Sunayen da ake ji a bakin matan nan su ne Kandiya Kuyate, Ami Koita, Babani Kone, kuma ba su ne suka cika gurbin Fnac ba. Waƙoƙinsu a shagunan unguwar Château Rouge ake nema, gefen masu sayar da kuɓewa da busasshen kifi, ko a YouTube da WhatsApp. Ka ga ke nan abin da Turai ta zaɓa daga Mali wani yanki ne, wanda ya dace da kunnenta: jita, kora, tafiya a hankali. Idan wata rana suka waiwayi namu, haka za su tsince, kuma ina jin kukuma da gurmi za su riga kalangun Shata shiga, duk da cewa a wurinmu Shata ne gaba, domin ƙarfinsa a magana yake.

Kada ka raina sana'arka a cikin wannan lissafi. Mdou Moctar, Buzun nan na ƙasarmu da yanzu ke zagaya Amurka da Turai, a Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa na farko a 2008, da salon muryar na'ura irin na waƙoƙin fina-finan Hausa. Daga waya zuwa waya suka bi har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya tsince su a memori, ya sa ɗaya a faifan da ya fitar a 2011, ya kuma bi sawu har ya gano mai ita. Neman ya ba shi wuya, saboda dalilin da na faɗa maka, babu cikakken suna a jikin waƙar.

Abubuwa sun yi wa mawaƙan tsauri a 'yan shekarun nan. A 2012 masu bindigar da suka kama arewacin Mali sun hana kiɗa, bikin sahara da ake yi a yankin Tumbuktu ya tsaya tun daga lokacin, samarin Songhoy Blues ma a gudun hijira suka haɗu a Bamako. Tun 2023 kuma takardar shiga Faransa ta yi wa 'yan Mali da Nijar da Burkina wuya, har mawaƙa abin ya shafa. Manyan kuma suna ta tafiya: Tumani ya rasu a Yulin 2024, Amadu mijin Mariyam a Afrilun 2025. Allah Ya jiƙansu. Faya-fayansu dai suna nan a kanti, da sunayensu da shekarunsu.

Saboda haka ga roƙona. Kwalayen kaset ɗin nan na Baba da ke ɗakin baya, na goge da gurmi da waɗanda ya naɗa daga rediyo da wuraren biki, kada a bari zafi da gara su gama da su. Na sayi wata 'yar na'ura mai juya kaset zuwa kwamfuta, ba ta kai kuɗin faifan garmaho biyu ba, zan ba mai zuwa gida ya kawo maka. Ka juye su ba tare da ka matse sautin ba, ko da za su ci wuri. Kafin ka fara kowanne, ka zauna da Kawu ya saurara, don shi kaɗai ya rage da zai iya gane muryoyin. Ya faɗa maka sunan makaɗin, da garinsu, da bikin wa aka yi, da shekarar in ya tuna, kai kuma ka rubuta a jikin waƙar da cikin littafi. Ka fara da na masu gogen, su ne suka fi tsufa.

Naka ƙane.