Taekwondo ko Kikboksin: Wanne Ya Dace da Ɗan Ƙauyenmu?

Yaron da ya taso yana kallon dambe bayan girbi a ƙauyukan Ringim, ya saba ganin hannu naɗe da zare, kikboksin zai fi zo masa da sauƙi: naushi da shuri duk an yarda, har a fuska. Taekwondo kuwa, wasan Koriya, ƙafa ke aiki. Naushin fuska laifi ne, shuri a kai ya fi kawo maki, don haka sai ɗan dambe ya sake koyon tsayuwa.

Duk da haka, taekwondo nake so ƙanena ya kama. An sa ta cikin gasar Olamfik tun 2000. Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a 2008, Abdoulrazak Alfaga na Nijar ya ɗauko azurfa a 2016. Kikboksin har yau bai shiga ba.