Kwana shida a otal ɗin bakin teku a Nungwi, da abin da kuɗinmu ya saya mana

A watan Agustan da ya gabata na kai maiɗakina da 'ya'yanmu biyu hutu tsibirin Unguja, wanda shi ne babban tsibirin Zanzibar a ƙasar Tanzaniya, muka sauka a wani otal da ke gaɓar tekun Indiya a ƙauyen Nungwi, can ƙarshen arewacin tsibirin. Otal ɗin yana cikin irin waɗanda ake biyan kuɗinsu dunƙule tun kafin a iso, kuɗin da ya haɗa ɗaki da abinci sau uku a rana da abin sha da wasannin yara, ta yadda baƙo ba zai riƙa sa hannu a aljihu ba har ranar da zai tafi. Tun dawowarmu 'yan'uwa da abokan aiki suke tambayata ko wannan tsari ya dace da iyali irin namu, waɗanda ba sa shan giya kuma suke kula da lokacin salla, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na gani dalla-dalla.

Shirin tafiyar ya fi tafiyar kanta cin lokaci. Mai fasfo ɗin Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, dole ne ya nema ta intanet ya jira amincewar hukumar shige da fice, kuma tamu ta ɗauki makonni kafin ta fito, don haka kada mutum ya biya otal kuɗin da ba a mayarwa alhali bizarsa ba ta zo hannu ba. Ana kuma duba katin rigakafin cutar shawara, sannan tun daga 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi 'yan ƙasashen waje sayen inshorarta, wadda take dala 44 ga babban mutum. Mun tashi daga Kano muka yada zango a Adis Ababa, muka sauka a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume, daga nan motar otal ta yi kusan awa ɗaya da rabi da mu kafin mu isa Nungwi, tafiyar kimanin kilomita 60. Kuɗin wannan mota ba ya cikin abin da muka biya, kuma sai da na sake karanta takardar yarjejeniya sannan na ga an rubuta hakan da ƙananan haruffa a ƙasa.

A wurin karɓar baƙi aka ɗaura wa kowannenmu wata 'yar munduwar roba a hannu, wadda ita ce shaidar cewa ka biya komai, da ita kake shiga ɗakin cin abinci kuma da ita kake karɓar abin sha. Ɗakin da aka ba mu yana da faɗi da tsabta, da gado na katako mai sassaƙa irin na mutanen tsibirin, an lulluɓe shi da gidan sauro, kuma kowace yamma wata ma'aikaciya takan zo ta sauke gidan sauron ta fesa magani. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta taɓa tsayawa ba, domin ko wuta ta ɗauke, janareta yakan karɓa nan take. Abin da ya rage wa ɗakin daraja shi ne ruwan famfo, wanda yake da ɗan zartsi har sabulu ba ya kumfa sosai, da kuma intanet da ba ya kaiwa ɗaki sai an fito farfajiya. Kwalba biyu ta ruwan sha ake ajiyewa a rana, wadda ba ta isar mutum huɗu, amma duk lokacin da muka nemi ƙari an kawo ba tare da an ɓata rai ba.

Ba a sa alamar alƙibla a ɗakin ba, kuma da na tambayi dattijon da ya ɗauko mana kaya, sai ya ajiye jakar da ke hannunsa, ya kama kafaɗata ya juya ni ya nuna mini arewa. Na yi jim, domin mu a gida gabas muka sani, har ma idan aka ce mutum ya fuskanci gabas kowa ya san salla ake nufi, to amma Zanzibar tana kusan daidai kudu da Makka ne, don haka arewa suke kallo. Shi ne kuma ya dawo bayan ɗan lokaci da sallaya biyu da buta, ba tare da na roƙa ba, ya gaya mini inda masallacin ƙauye yake. Washegari na bi shi sallar asuba, na tarar liman yana bayyana bisimilla, yana kuma ɗaga hannu ya yi ƙunuti a bayyane bayan ruku'u, kamar yadda mabiya mazhabar Shafi'iyya suke yi, saɓanin yadda muka saba a Malikiyya. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, kuma kunnen Bahaushe yakan tsinci kalmomi da yawa a cikin Swahilinsu da suka fito daga Larabci kamar namu, irin su asubuhi da habari da sabuni da Alhamisi.

Abinci shi ne inda otal ɗin ya fi cika alkawari. Da safe akwai mangwaro da abarba da gwanda da kankana da ayaba, da ƙwai da ake soya wa mutum a gabansa, da mandazi mai kama da fanke amma da ƙamshin kwakwa, da shayi mai citta da kirfa. Da rana da dare akan jera tukwane masu yawa kowa ya ɗebi abin da yake so, kuma duk abin da aka dafa irin na gargajiyar tsibirin ya fi na Turawa daɗi nesa ba kusa ba. Shinkafar pilau da ake dafawa da kanumfari da kirfa da masoro ta burge maiɗakina har ta shiga wurin mai dafa abinci ta tambayi yadda ake haɗa ta, ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne pweza, wata halittar teku mai hannuwa takwas, da aka dafa a cikin madarar kwakwa har ta yi laushi kamar ganda da ta sha wuta. Kifi kullum sabo ne, domin da sassafe muna ganin masunta suna sauke shi daga jiragensu na katako. Mun tambayi batun nama aka tabbatar mana yankan Musulmi ne, naman alade kuma a wani teburi dabam ake ajiye shi da alama a rubuce, da cokulansa dabam. Duk da haka, daga dare na huɗu abincin ya fara maimaita kansa, kuma duk wanda ya saba da yaji sai ya nemi a kawo masa pilipili, wato barkono, domin an rage zafin komai saboda baƙin Turai.

Inda na ga kuɗinmu ya tafi a banza shi ne wajen abin sha. Ɗaya daga cikin abubuwan da suke sa farashin irin wannan otal ya yi tsada shi ne giyar da ake zuba wa baƙi ba iyaka tun daga hantsi har dare, kuma kuɗin goro ake yi wa kowa, mai sha da wanda ba ya sha duk farashinsu ɗaya. Mu abin da muka amfana da shi bai wuce lemon kwalba da shayi da gahawa ba, sannan abin da ya fi ba ni takaici shi ne ruwan 'ya'yan itace da aka matse nan take da ɗanyar kwakwa, waɗanda su ne marmarin wanda ba ya shan giya, an ce ba sa cikin tsarin sai an biya dabam. Na kai wannan ƙorafi wurin manaja, ya saurare ni da ladabi, ya ba da umarni a riƙa ba yara kwakwa ɗaya kowace rana kyauta, amma ya ce ba shi da ikon canza farashi. Haka kuma wanki da tausa da fita cikin teku a jirgi da gasasshen babban jatan lande duk da kuɗinsu, ga harajin gwamnati da ake lissafa wa kowane baƙo a kowane dare, wanda aka karɓa ranar da za mu tafi.

Bakin tekun kuwa ba shi da makusa. Yashin fari ne tas mai laushi kamar gari, ruwan kuma garau har kana ganin ƙafarka a ƙasa. Na zaɓi Nungwi ne saboda a gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, teku yakan janye ya yi nisa sosai na awanni har sai an yi doguwar tafiya kafin a kai ga ruwa, alhali a nan janyewar kaɗan ce, kusan kowane lokaci ana iya shiga. Sai dai a saya wa yara takalmin roba, domin a tsakanin duwatsu akwai wasu halittu masu ƙaya kamar bushiya. Wata yamma muna zaune rana tana faɗuwa, jiragen masunta sun buɗe ƙyallayensu suna fita kamun dare, ƙaramar 'yata da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce na Tiga ba ta riƙe hannuna ta ce, "Abba, ina ɗaya gaɓar take?" Na daɗe ina ƙoƙarin yi mata bayani, ita kuwa idonta yana kan ruwan.

Akwai abin da ya kamata mai iyali ya sani tun daga gida. Yawancin baƙin Turawa ne, kuma shigarsu a wurin ninkaya da bakin teku ba irin wadda muka saba gani ba ce. Babu wanda ya hana maiɗakina shiga ruwa da cikakkiyar suturarta, babu kuma wanda ya kalle ta, amma mun fi sakewa da sassafe kafin wurin ya cika. Kiɗan dare yakan kai wajen ƙarfe 11, don haka a nemi ɗaki mai nisa da mashaya. Masu tallan yawon jirgi da zane-zane suna da naci a bakin teku, ko da yake da ka ce musu "hapana, asante" (wato a'a, na gode) cikin sakin fuska sukan wuce.

Babban aibin wannan tsari a wurina shi ne yadda yake tsare mutum a cikin katanga. Tun da ka riga ka biya abincin rana da na dare, duk fitar da za ka yi sai ka ji kamar asara kake yi, kuma na haɗu da baƙin da suka yi mako guda ba su taka ƙauyen da ke bayan otal ɗin ba, inda masassaƙa suke ƙera jiragen katako da hannu a bakin ruwa. Mu sai a rana ta biyar muka tafi tsohon birni, wato Mji Mkongwe, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Mun bi lungunansa masu ƙofofin katako da aka yi wa ado, mun ga cocin da aka gina a inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, da magariba kuma muka sha urojo, wani romo mai ɗan tsami da ake haɗawa da dankali, a lambun Forodhani da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Yini ɗaya bai ishe mu ba, har muka dawo ba mu je gonakin kanumfari ba, ba mu kuma ga jajayen biran dajin Jozani ba.

Ga mai ƙananan yara da yake son ya huta ba tare da lissafin kowane faranti ba, otal ɗin ya cancanci a je, musamman saboda tsabtarsa da abincinsa da mutuncin ma'aikatansa, waɗanda ya kyautu a tanadar musu tukuici da kuɗin ƙasar, wato shilin. A guji watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da ake tafka ruwan sama. Idan Allah ya sake kai mu, zan nemi tsarin da ya ƙunshi karin kumallo da abincin dare kawai, in yi kwana uku a Nungwi, sauran kwanakin kuma in kama ɗaki a cikin tsohon birni.