Ofisoshin tiranzit na Damagaram bayan ficewa daga CEDEAO: abin da suka iya da inda suke tuntuɓe

Ɗan kasuwar da ke kai wake ko dabbobi Najeriya ta Matameye ko Magarya, ya dawo da kayan masana'anta zuwa Kasuwar Dole, ba ya rabuwa da ɗan tiranzit, wato mai yi wa 'yan kasuwa aikin fitar da kaya daga duwan. Wajen cike takardun duwan da shigar da bayanin kaya a SYDONIA, tsarin kwamfuta na duwan, yawancin masu lasisi a garin nan sun san aikinsu, muddin ka je musu da lambar NIF (lambar shaidar mai biyan haraji), rajistar kasuwanci da takardar sayen kaya ta gaskiya. Inda ƙwarewarsu ke bambanta shi ne fahimtar matsayin doka.

Nijar, Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa daga CEDEAO, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 28 ga Janairun 2024. Sashe na 91 na yarjejeniyar CEDEAO da aka sabunta a Kwatano a 1993 ya ce ƙasar da za ta fita sai ta ba da sanarwa a rubuce, ta jira shekara ɗaya tana cika alƙawuranta. Shi ya sa ƙungiyar ta lissafa ficewar daga 29 ga Janairun 2025. A ranar ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta, a bar mutane su shiga ba biza, kaya kuma su ci moriyar tsarin sassauta haraji, har sai an sake sanarwa. Kalmomin ƙarshen nan su ne magana. A da haƙƙi ne da yarjejeniya ta ba ka. Yanzu sassauci ne da za a iya janyewa. Ɗan tiranzit nagari zai faɗa maka haka, ya kuma bincika halin da ake ciki a iyaka kafin ka loda mota. Wanda ya ce "Alhaji, ba abin da ya canza" ko "ai fasfon CEDEAO ya mutu", duka biyun sun kauce.

Kuskure na biyu shi ne cakuɗa CEDEAO da UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa. Nijar tana cikin UEMOA, sefa kuma na nan, don haka kayan Kwaddibuwa ko Togo ba hukuncinsu ɗaya da na Kano ba, tunda Najeriya ba ta cikin wannan ƙungiya. Ga kuma harajin kashi 0.5 cikin ɗari da AES, ƙawancen Nijar, Mali da Burkina Faso, ta sanar a Maris 2025 kan kayan da ake shigowa da su. Ka sa a nuna maka ko ya shafi kayanka, da layin da ya fito a lissafi.

A tsarin CEDEAO, amfanin gona, dabbobi da kayan sana'ar hannu ba su buƙatar takardar shaidar asali, kayan masana'anta ne ke buƙata. Amma dabba sai da takardar likitan dabbobi, kuma nan ne motoci ke kwana a iyaka, shanu na ramewa cikin rana.

Abin da ya fi ɓata aikin shi ne kuɗin dunƙule. Kada ka yarda a ce maka "kawo jika kaza, komai da komai". A rubuta kuɗin duwan daban, ladan ofis daban, ka karɓi takardar biya ta duwan da sunanka a kai, domin ita jami'ai za su nema a hanya. Mai mota kuma ya tambayi kamfanin inshorarsa a rubuce ko katinsa na ƙetare iyaka yana aiki a Najeriya kafin ya tashi.