Daɓen katakon gidan Baba: a kankare shi ko a shimfiɗa laminet?

Hajiya, tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai da gari ya waye na ƙara duban hotunan da kyau. Ga waɗanda ba su gani ba, gidan mahaifinta ne, Allah Ya jiƙansa, a Unguwar Rimi ta Kaduna, irin tsofaffin gidajen ma'aikatan nan masu dogon baranda. Falon daɓen katako ne, ƙananan guntaye da aka jera a karkace kamar saƙar tabarma. Ya dushe, bakin ƙofa ya yi baƙi, wasu guntayen sun ɓalle. Wani ya ce mata a ɓamɓare duka a shimfiɗa laminet, wani ya ce a kankare a sake shafa banish. Wanne ya fi?

Ni dai ina bayan tsohon, da sharaɗi guda da zan zo kansa. Na zauna da duka biyun a gida ɗaya, falo na tsohon katako, ɗakin kwana na laminet, don haka ba labari aka ba ni ba.

Mu fara da abin da kowanne yake. Abin da ke falonki itace ne tun daga sama har ƙasa. Daga launin da na gani ya yi mini kama da loko, wanda 'yan katako ke kira iroko, ko da yake a irin gidajen nan akan samu itacen tik (teak) ko kawo. Duk ukun masu ƙwari ne, kawo ma ya fi sauran tauri nesa ba kusa ba. Laminet kuwa, wanda wani kamfanin Suwidin mai suna Perstorp ya ƙirƙiro a 1977, garin katako ne da aka matse ya zama allo, aka manna masa hoton itace a kan takarda, aka rufe da wata fata mai tauri wadda ake ganin abin da ke ƙarƙashinta. Wato zanen da kike gani a shago hoto ne. Idan kika jera guda goma za ki ga ƙulli ɗaya yana maimaita kansa, kamar zanen atamfa.

Daga nan duk sauran bambancin ya taso. Tsohon katako in ya karce, kankarewa ake yi, sabo ya fito daga ƙasa. Laminet in fatar nan ta huje, an kai ga takarda, babu abin da samfefa za ta yi masa sai ƙara ɓarna. Canza allon ake yi, shi ma in an dace irinsa bai ƙare a kasuwa ba.

Ga sharaɗin. Ki ɗauki ɗaya daga guntayen da suka ɓalle ki auna kaurinsa. Masu kauri sukan kai milimita 19 zuwa 22, da tsagi a gefe inda ɗaya ke shiga cikin ɗan'uwansa. Abin da ke saman tsagin nan shi ne jarinki, yawanci wajen milimita 6 ne a sabo, kuma kowace kankara da inji tana cin kusan milimita ɗaya. In kin ga saura 3 ko fiye, alhamdu lillahi. In kuwa siraran nan ne masu faɗin yatsa, waɗanda duka kaurinsu bai wuce milimita 8 ba, sai a bi su a hankali, musamman in an taɓa kankare su a baya. Sannan ki bi falon da ƙotar sukundireba kina ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙara kamar ƙwarya, ko dai ya saki ƙasa ko gara ta shiga. Jan cikin loko ba ya yi wa gara daɗi, amma farin gefensa tana cinsa sarai. In abin ya tsaya a lungu ɗaya ko biyu, gyara ne. In rabin falon ne, ko kuma ƙasan simintin na tsattsafo da danshi, to magana ta canza, kuma a nan laminet ma ba zai cece ki ba, tayil ne maganin wannan.

Sai ruwa, kuma a nan nake so in daɗe, domin gidajenmu gidajen ruwa ne. Butar alwala, bokitin mofa, yaro ya kifar da kofi, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga. Ni ƙaramin firij ne ya koya mini darasi. Muka yi tafiyar kwana uku, aka ɗauke wuta, ƙanƙara ta narke ta bi ƙasan laminet ɗin ɗakin kwana. Da muka dawo saman ya bushe ƙayau, amma bakin kowane allo ya kumbura ya tashi kamar gefen gurasa, in ka taka da ƙafa babu takalmi sai ka ji tudu-tudu. Na jira hunturu ko zai koma, bai koma ba, domin garin katako in ya sha ruwa ya buɗe ya buɗe ke nan. A falo kuwa an sha zubar da ruwa. Inda ya kwana yakan yi baƙin tabo, wani lokaci guntu ya ɗan lanƙwashe, amma in ya bushe yakan kwanta, tabon kuma kankara na ɗauke mafi yawansa. Ba cewa nake katako abokin ruwa ba ne. Yana dai yafiya, laminet ba ya yi.

A wajen karce kuwa gaskiya laminet ne a gaba. Fatar tasa ta fi banish tauri, keken yara da jan kujera ba sa saurin yi masa illa. In za ki saya, ki duba jikin kwalin, akwai lamba AC3, AC4 ko AC5, mai nuna ƙarfin fatar. Ta falon da ake tara baƙi kada ta gaza AC4, kauri kuma milimita 8 zuwa 12. Wanda ba shi da lamba ko kaɗan ki bar musu abinsu, araha ba ta ado. Haka wajen sauri: laminet kwana ɗaya ko biyu an gama an mayar da kujeru. Kankara kuwa ki ƙaddara falon ba naki ba ne na sati guda, ga ƙura har cikin kwanukan kicin.

Yanayin Kaduna shi ne abin da masu ba da shawara daga nesa ke mantawa. A watan Agusta danshin iska yakan haura kashi 80 cikin ɗari, a Janairu da Fabrairu ya faɗo wajen kashi 20. Katako yana numfashi da wannan. Da hunturu za ki ga 'yan tsagogi sun buɗe tsakanin guntaye har tsinke ya shiga, da damina su rufe ruf. Wannan ba lalacewa ba ce, kuma katakon da ya yi shekaru da dama yana wannan kai-komo a wuri ɗaya ya riga ya san gidan. Kuskuren shi ne a cike tsagogin a tsakiyar hunturu. Damina na zuwa sai itacen ya kumbura ya tofar da abin da aka cusa. Shi ya sa na fi son a yi aikin da kaka, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta yi ƙarfi ba. Laminet ma yana motsi, dole a bar masa tazarar milimita 8 zuwa 10 a jikin bango, a shimfiɗa leda a ƙasansa. Mai aikin da ya matse shi da bango don ya yi kyau a ido, damina ɗaya za ki ga tsakiyar ɗaki ya yi ƙusumbi.

In kin tsaya kan kankara, ki sa ido a kan abubuwa kaɗan. Guntayen da suka ɓalle za ki ga baƙin abu a ƙasansu, kwalta ce, da ita ake manna su a da. Sai an kankare ta daga jikin guntun da simintin kafin sabon gam ya kama. Waɗanda suka ɓace, ki aika da samfuri kasuwar Fanteka a yanko irinsu daga busasshen katako, a ajiye su cikin falon kamar sati biyu kafin a manna. Samfefa daki-daki ake bi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, lamba 40, sai 60, sai 80, a ƙare da 100 ko 120. Wani da na taɓa ɗauka ya tsallake daga 40 zuwa 100 don ya tashi da wuri, sai da banish ya hau layukan suka fito raɗau, aka sake daga farko. Kuma ki tabbata ya rufe hanci da baki, ƙurar loko na sa tari da ƙaiƙayin jiki. In an taɓa goge falon da folish mai kaki, kamar yadda ake yi a gidajen da, banish ba zai zauna a kai ba sai an kai ga tsuran itace.

Banish ɗin iri biyu ne. Mai mai yana ƙara wa katako duhu da ja, yana da wari, kowane shafi sai ya kwana. Na ruwa yana bushewa cikin awa biyu zuwa huɗu, ba ya canza launi sosai, ya fi tsada. A kan loko ni mai mai nake so, launin zuma yake fitarwa. Shafi uku, tagogi a rufe saboda ƙura, kada a mayar da darduma sai bayan sati biyu aƙalla. Tsummokaran da aka yi aikin mai da su a jiƙa su da ruwa a fitar waje, in aka dunƙule su a lungu suna iya kamawa da wuta da kansu.

Kula ta yau da kullum kusan ɗaya ce ga duka biyun. Rairayin da takalmi ke shigowa da shi shi ne babban mai cin daɓe, mu kuwa da ma a bakin ƙofa muke tuɓewa. Shara da tsintsiya mai laushi, mofa a matse ta sosai, a manna ƙyalle a ƙafafun kujeru. Kaskon turaren wuta kuma, Hajiya, a ɗora shi kan faranti ko guntun tayil. Garwashi ɗaya ya faɗa kan katako, tabo ne da samfefa za ta cire wata rana. A kan laminet rami ne.

Kafin ki kira kowa, ki ɗiga ruwa cokali guda a tsakiyar falon, wani cokalin a bakin ƙofa. Inda ruwan ya tsaya dunƙule, tsohon shafin na da rai, ƙila goga sama-sama da sabon shafi ɗaya sun isa. Inda ya nutse itacen ya yi duhu cikin 'yan mintuna, nan sai inji. Ki turo mana hoton gefen guntun nan da ma'auni a jikinsa, in ga abin da ya rage a saman tsagin.