Raket Ɗin Tanis: Wanne Ne Daidai da Hannunka?

Wani matashi da ya fara zuwa filin da nake buga tanis ya zo ran nan da raket irin na shahararren ɗan wasan tanis Roger Federer, Wilson Pro Staff RF97, ya samo shi a gwanjo yana ta murna. Ba a yi sati uku ba sai ga shi yana murza gwiwar hannu bayan kowane bugu, ƙwallo kuma ko rabin fili ba ta wucewa. Abin ya dame ni, domin yaron yana da ƙafa da kuzari, kayan aikin ne suka fi ƙarfinsa. Wannan raket giram 340 ne tun kafin a ɗaura masa zare, an yi shi ne don hannun da ya shekara ashirin yana bugu.

Abu na farko da za ka duba shi ne faɗin fuska, wato wurin da zare yake. Da inci murabba'i ake auna shi, kuma yawanci za ka ga lambar a jikin raket ɗin. Mai faɗin 105 zuwa 115 na sabon shiga ne: ko ƙwallo ba ta sauka a tsakiya ba, za ta tsallake raga, ba sai ka yi wani dogon lilo da hannu ba. Head Ti.S6 misali ne da ya daɗe a kasuwa, fuskarsa 115, ga shi sakayau kamar ba ka riƙe komai ba. Mai 95 zuwa 98 kuwa na wanda ya riga ya iya ne, yana kai ƙwallo inda aka nufa, amma kuskure kaɗan sai ka ji girgizar har kafaɗa. Shi kansa Federer ya daɗe yana buga mai 90, sai a 2014 ya koma mai 97.

Tsakanin waɗannan biyun akwai mai faɗin 100 da nauyin giram 300, kuma a nan na fi son mutum ya tsaya ya yi tunani. Babolat Pure Drive da Yonex EZONE 100 duk a wannan aji suke. Idan ka kai matakin da kake iya musayar ƙwallo sau goma ba ta faɗi ba, kana sabis, wato bugun fara wasa, ta sama, wannan shi ne naka, kuma zai iya kai ka shekaru ba ka bukaci wani ba. Pure Drive yana da tauri, yana harba ƙwallo da ƙarfi, sai dai wasu hannuwan ba sa jure shi. Wanda ya taɓa fama da ciwon gwiwar hannu gara ya gwada Wilson Clash 100, mai giram 295, domin jikinsa yana lanƙwasa yana shanye girgiza. Kamfanonin nan suna fitar da irin waɗannan samfura a nauyin giram 270 zuwa 285, kuma baligin da yake da niyyar koyo da gaske, ni da su zan fara shi maimakon mai faɗin 115. Dalilina shi ne, raket mara nauyi sosai yana da daɗi a watannin farko, amma ran da abokin wasanka ya fara turo ƙwallo da gudu, sai ya riƙa juyawa a hannu, tsokar hannunka ce za ta biya kuɗin.

Mariƙi ma mutane suna raina shi. Lambar kaurinsa daga 0 zuwa 5 take, yawancin manya 2 ko 3 ke yi musu. Ka riƙe shi kamar za ka buga, ka zura manunin ɗaya hannun tsakanin kan yatsunka da tudun tafinka. In ya shiga daidai, shi ke nan. In kana shakka, ɗauki ƙarami, domin ana naɗa tef a ƙara masa kauri, babba kuwa ba yadda za ka yi da shi.

Yara kada a ba su na manya. Tsawon raket na manya inci 27 ne, na yara yana farawa daga 19 ko 21, ya hau 23, 25, har 26. Yaro ya tsaya ya saki hannu da raket ɗin a gefensa. In kan yana jan ƙasa, ya yi masa tsawo. Na alminiyam mai araha ya ishe shi tunda zai girme shi. Baligi mai buga sau biyu ko uku a mako kuwa, na girafait, wani abu mai ƙarfi mara nauyi da ake ƙera raket da shi, ya kamata ya nema.

Sai zare, wanda shi ne ke taɓa ƙwallon. Zaren foliyesta da ƙwararru ke ɗaurawa yana da tauri, yana taimaka wa mai ƙarfi ya murɗa ƙwallo, amma ga ɗan koyo wahala ce kawai. Zaren nailan mai laushi, a ja shi wajen kilo 23 ko 24, ya wadatar. In an sassauta, ƙwallo ta fi tafiya. In an ɗaure tam, ta fi jin magana. Kuma kada ka bar raket a cikin mota a zafin watan Afrilu, zaren yakan saki tun ba ka more shi ba.

Gwanjo ba laifi ba ne, sau da yawa ma ya fi sabon jabu da ake bugawa da sunan manyan kamfanoni. Ka fita da shi haske, ka bi jikinsa da yatsa, musamman wuya da saman kai inda yake gogar ƙasa. Karcewar fenti ba komai, amma tsagewa ko da siririya ce kamar gashi, ajiye shi. Girgiza shi kusa da kunne ka ji ko wani abu yana kaɗawa a ciki, ka duba ƙananan robobin da zare ke bi ta cikinsu ko sun farfashe. In da hali, ɗora shi a kan sikelin mai shago ka gwada da nauyin da aka rubuta; zare yakan ƙara giram 15 zuwa 20, abin da ya yi nisa da haka ya isa ya sa ka janye hannu.

Shi matashin nan, koci ya ara masa wani mai faɗin 100 da giram 280 ya buga kwana biyu kafin ya sayi irinsa. Pro Staff ɗin yana nan a jakarsa, ya ce sai nan da shekara uku zai sake fito da shi.