Littafin yaƙin da aka tura mini a memori a Farm Centre

Satin da ya wuce na shiga Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, gyaran wajen cajin wayata, sai na hangi wani shagon masu turi sun rubuta a kwali wai akwai littattafan yaƙi na saurare. Na ce a saka mini guda ɗaya cikakke. Yaron shagon akwai kirki gaskiya, sai da ya kunna mini kashi na farko ya ce Yallaɓai ka ji muryar tukunna kafin ka biya. Sauti tas, mai karatun ba ya gudu, in ya zo kan maganar aljani yana kaurara murya har tsikar jikinka ta tashi. Matsala ɗaya, kashi na 17 da na 18 abu ɗaya ne aka maimaita, da na koma ya gyara mini bai karɓi ko sisi ba.

To labarin kansa shi ne ya hana ni barci. Wani matsafi ne mai madubin tsafi da ya tashi yaƙar wani birni, kuma sharaɗin madubin duk ranar da ya duba shi sai ya manta fuskar mutum ɗaya cikin danginsa. Wallahi wannan ya burge ni, don haka muka san asiri a ƙasar Hausa, ko layar zana ce ko sagau ko kau-da-bara ko maganin ƙarfen 'yan tauri, duk wanda ya ba ka sai ya gindaya maka sharaɗi, kuma kowane asiri da makarinsa. Shi ya sa nake jin tsoro duk sanda ya ɗauko madubin nan, ina lissafa wa ya rage masa.

Ni a tunanina ba sarauta ce ta kai shi yaƙar birnin ba kamar yadda mutanen cikin labarin ke faɗa. Akwai wajen da ya tsaya a bakin rijiya yana kallon wata baiwa tana jan guga, ya kasa tafiya kuma bai san dalili ba, ni na rantse 'yarsa ce da madubin ya shafe masa, ita yake nema ko shi bai sani ba.

Amma daga kashi na 30 marubucin ya watsar da sharaɗin gaba ɗaya, mutumin ya duba madubi sau biyar a dare ɗaya bai manta kowa ba, sannan jarumin kawai ya tsinci takobi a kogo ya sare shi, ba a taɓa ambaton takobin ba a baya, maganar baiwar nan ma shiru. Abin ya yi mini ciwo sosai don na riga na saka rai.

Shagon dai zan koma, yaron ya ce akwai littafi na biyu, ina so in ji ko za a dawo da zancen yarinyar bakin rijiya. In za ka je ka duba lambobin kashin a wayarka kafin ka bar wajen.