Sikelin kicin mai batir da lissafin kalori a girkinmu

Ƙaramin sikelin kicin mai aiki da batir, irin wanda ake sayarwa a shagunan kayan girki, yana auna nauyi daga giram 1 zuwa kilo 5, kuma amfaninsa ga mai son rage ƙiba ya fi girmansa nesa ba kusa ba. Dalili kuwa shi ne bayanan da ake bugawa a jikin kwalaye da gwangwanayen abinci galibi suna bayar da adadin kalori (ma'aunin kuzarin da abinci yake ba jiki) ne a kan giram 100, alhali mu da ludayi da mudu da malmala muka saba awo, kuma malmalar wani gida ta ninka ta wani.

Inda ya fi burge ni shi ne sha'anin mai. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, na sitaci da na furotin kuma 4 kowanne. Dafaffiyar farar shinkafa giram 100 ba ta wuce kalori 130 ba, amma babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja, wanda nauyinsa kimanin giram 14 ne, ya kai kalori 120. Ke nan wanda ya rage shinkafar garau-garau, sannan ya kwarara mata cokali uku na mai, bai rage komai ba, ƙari ma ya yi. Mutane da yawa suna ɗora wa tuwo laifin teɓarsu, suna ƙuntata wa kansu a kansa, sun bar mai da sukarin shayi da soyayyar gyaɗa, wadda giram 100 nata ya haura kalori 550. Wannan abu yana damuna, domin yunwa suke sha ba tare da sun ga sakamako ba.

Maɓallin da yake mayar da awo sifili yana sauƙaƙa aiki ƙwarai: a ɗora kwano, a danna, sannan a zuba abincin. Sai dai a kula da bambancin ɗanye da dafaffe, domin ɗanyar shinkafa giram 100 tana da kalori wajen 360, ruwan dahuwa ne yake ƙara mata nauyi.

Sikelin yana da nakasu. Yakan kashe kansa idan an ɗan jinkirta, faffaɗan faranti yana rufe lambobin, kuma ba shi da dabarar raba miyar taushe zuwa kabewa da gyaɗa da mai, sai dai a auna kayan tun kafin su shiga tukunya. A gidan da ake haɗuwa a ci a tire ɗaya kuwa, dole mai awo ya ɗebi nasa daban.

Haka nan ɓangaren abin da yake shiga jiki kawai yake aunawa. Abin da jiki yake ƙonawa lissafi ne na daban: kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari yana tafiya ne a numfashi da bugun zuciya da sauran ayyukan da ba sa tsayawa ko mutum yana barci, narkar da abinci yana cin kimanin kashi 10, ragowar kuma motsi ne. Tafiyar rabin awa da ɗan sauri ba ta cika ƙona abin da ya wuce kalori 150 ga matsakaicin mutum ba.

Ina ba da shawarar sayensa ga mai girki da kansa, ya yi 'yan makonni yana awo har idonsa ya saba da kima. Mai ciwon suga ko mai juna biyu ya kamata ya nemi adadin da ya dace da shi daga likita kafin ya rage cimarsa.